Rokar ruwa: Abin wasan da ke koyar da kimiyya, da haɗarin da ya kamata iyaye da malamai su sani

Galibin masu karanta labarai da Hausa sun san kalmar roka ne daga rahotannin yaƙi, inda ake ambaton makaman da ake harbawa daga wata ƙasa zuwa wata. Akwai kuma wata rokar da ba ta ɗauke da albarushi, ba ta cin mai, ba a kuma kunna mata wuta. Gorar lemo ce ta roba da aka zuba wa ruwa, aka ɗura mata iska da famfon keke, aka sake ta ta yi sama. A ƙasashe da dama ana sayar da ita a shagunan kayan wasan yara, ana kuma haɗa ta a makarantu domin koyar da fiziks.

Kusan duk abin da ake buƙata wajen haɗa ta ana samun sa a garuruwan kudancin Jihar Kano, daga Bebeji da Kiru har zuwa Tudun Wada da Doguwa: gora a wurin mai shago, bawul a wurin mai faci, famfo a wurin mai gyaran keke. Wannan sauƙin shi ne amfaninta ga makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, shi ne kuma haɗarinta, domin yaro zai iya haɗa ta a bayan gari ba tare da babba ya sani ba. Gorar da aka matsa wa iska tana iya tsiyaye ido ko ta fasa dodon kunne. Bambancin darasi da tsautsayi a nan bai wuce sanin ƙa'ida da kasancewar babba a wurin ba.

Mece ce rokar ruwa?

Rokar ruwa tana da sassa huɗu. Na farko shi ne gangar jiki, wato gorar da ke riƙe ruwa da iska, wadda ake kifawa bakinta ya kalli ƙasa. Na biyu shi ne kai, wanda ake yi da saman wata gorar da aka yanke aka liƙa a gindin ta farko, aka sa masa ɗan nauyi. Na uku su ne fikafikai uku ko huɗu da ake mannawa kusa da bakin gorar domin su daidaita tafiyarta. Na huɗu shi ne abin harbawa, wanda ke zaune a ƙasa: toshiyar da ke rufe bakin gorar, da bawul, da tiyo, da famfo.

Wadda ake sayarwa a shagunan kayan wasa iri biyu ce. Akwai ƙarama ta roba mai tauri da ke zuwa da ɗan famfonta na hannu, akwai kuma wadda fikafikai da toshiya da tiyo kawai ake sayarwa, mai saye ya nemo gorarsa. Ko ta shago ce ko ta gida, aikinsu ɗaya ne, ƙa'idojin kiyaye lafiya ma ɗaya ne.

Yadda take tashi

Manomin masara ko shinkafa a Tudun Wada da Doguwa ya riga ya san rabin bayanin, domin haka famfon feshi yake aiki. Idan ya yi ta buga hannun famfon, matsi yana taruwa a ciki, shi ne ke koro maganin ta ɗan bakin feshin da ƙarfi. A rokar ruwa ma iskar da aka matsa ce ke ajiye ƙarfin, ruwan kuwa shi ne abin da ake wurgawa.

Sauran rabin bayanin yana cikin doka ta uku daga dokokin motsi da masanin nan ɗan Ingila, Isaac Newton, ya wallafa a shekarar 1687. Dokar tana nuna cewa duk abin da ya tura wani abu, shi ma wancan abin yana tura shi da ƙarfi daidai wa daida ta ɗaya ɓangaren. Wanda ya taɓa tsalle daga kwalekwale zuwa gaɓa a tafkin Tiga ya ga haka da idonsa, domin yana yin gaba kwalekwalen yana ja da baya. Gora tana tunkuɗa ruwa ƙasa, ruwan yana tunkuɗa gora sama.

Lissafi yana nuna girman wannan ƙarfi. A ce an ɗura wa gora iska har gejin famfo ya nuna psi 60, wato kusan ninki biyu na iskar da ake sa wa tayar ƙaramar mota. Wannan matsi daidai yake da wanda mutum zai ji a ƙarƙashin ruwa mai zurfin sama da mita 40. Da zarar an saki toshiya, ruwan yana fita da gudun kusan mita 29 a daƙiƙa ɗaya, wato fiye da kilomita 100 a awa. Faɗin bakin gorar lemo kimanin milimita 22 ne, saboda haka ƙarfin da ke ɗaga rokar a farkon tashi ya kai na ɗaga kaya mai nauyin sama da kilo 30. Ita kuwa rokar, har da ruwanta, ba ta wuce rabin kilo ba. Abin da ke tura ta ya ninka nauyinta kusan sau 60.

Wannan ƙarfi ba ya daɗewa. Ruwan yana ƙarewa a ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, tun rokar ba ta wuce 'yan mitoci daga ƙasa ba. Duk sauran tafiyar da ake kallo, da saurin da ta samu a wannan ɗan lokaci take yin ta, kamar dutsen da aka harba da danƙo. Daga nan sai jan ƙasa da turjiyar iska su yi ta rage mata gudu har ta tsaya ta juyo. Rokar da aka haɗa da kyau da gora ɗaya takan kai tsayin mita 30 zuwa 50.

Idan aka ɗauko ta bayan ta faɗo, sau da yawa akan ga hazo fari a cikin gorar. Dalili shi ne iskar da ta buɗe farat ɗaya tana yin sanyi sosai, sai tururin da ke cikinta ya koma ƙananan ɗigon ruwa. Ta wannan hanya ce gajimare ke haɗuwa idan iska mai laima ta yi sama.

Me ya sa ba a cika ta da ruwa?

Gorar da ba ruwa a ciki tana tashi, amma ba ta nisa, domin iska ba ta da nauyin kirki. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, saboda haka wurga shi baya yana ba da turi mai yawa. Gorar da aka cika kusan maƙil kuma ba ta da wurin ajiye iska, ga ta da nauyi, sai matsin ya ƙare tun ruwan bai gama fita ba, ta ɗan ɗaga ta faɗi tana tsiyaya. Gwaje-gwaje da lissafi sun dace a kan cewa abin da ya fi shi ne ruwa ya cika kimanin kashi ɗaya cikin uku na gorar, a bar wa iska kashi biyu.

Wannan matsala ta daidaita nauyin abin da ake wurgawa da nauyin abin da ake son ɗagawa ita ce ainihin matsalar manyan rokoki masu kai tauraron ɗan'adam sararin samaniya. Wanda ya yi fice wajen warware ta a lissafi malamin makaranta ne a garin Kaluga na ƙasar Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, wanda ya wallafa aikinsa a shekarar 1903. A ranar 16 ga Maris, 1926, Robert Goddard ya harba roka ta farko mai amfani da mai na ruwa-ruwa a jihar Massachusetts ta Amurka. Ta yi daƙiƙa biyu da rabi a sama, ta kai tsayin kimanin mita 12 da rabi. Gorar lemo a filin ƙwallon makarantar ƙauye tana iya ninka wannan tsayi sau uku.

Gorar da ta sauƙaƙa al'amarin

Abin da ya sa rokar ruwa ta yaɗu a makarantun duniya shi ne samuwar gorar roba da ake kira PET, wadda injiniyan kamfanin DuPont na Amurka, Nathaniel Wyeth, ya yi wa rajistar mallaka a shekarar 1973. An ƙera ta ne musamman domin ta jure matsin lemo mai gas, ga ta ba nauyi, ga ta kyauta bayan an shanye abin da ke ciki. Ba da niyya ba, kamfanonin lemo suka wadata duniya da gangar jikin roka.

Daga wasan bayan gida abin ya kai ga gasa. Cibiyar binciken ma'aunai ta Birtaniya da ke Teddington, wadda aka fi sani da NPL, tana shirya gasar rokar ruwa ta shekara-shekara ga makarantu da manya. A nahiyar Asiya, dandalin hukumomin sararin samaniya na yankin Asiya da Fasifik, wanda hukumar JAXA ta Japan ke kan gaba a cikinsa, ya fara gasar ɗalibai ta ƙasa da ƙasa a shekarar 2005, inda ake neman wanda rokarsa za ta sauka mafi kusa da wurin da aka shata. A Afirka kuwa, wata tawaga daga Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu ta harba rokar ruwa zuwa tsayin mita 830 a ranar 26 ga Agusta, 2015, ta karya tarihin mita 623 da wata tawagar Amurka ta kafa a 2007. Sai dai irin waɗannan ba da gorar lemo ake yin su ba, ana naɗe jikinsu da zare mai ƙarfi domin su jure matsin da ya ninka na gora sau da yawa.

Najeriya da ilimin sararin samaniya

Najeriya ta kafa hukumar bincike da bunƙasa harkokin sararin samaniya, wato NASRDA, a shekarar 1999. Tauraron ɗan'adam na farko na ƙasar, NigeriaSat-1, an harba shi ne daga Plesetsk ta ƙasar Rasha a watan Satumbar 2003. NigComSat-1 ya tashi daga China a 2007, ya daina aiki a 2008, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disambar 2011. A watan Agustan wannan shekara ta 2011 aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X daga Rasha. Dukkansu a kan rokokin wasu ƙasashe suka tashi. Hukumar tana da cibiyar binciken ƙera rokoki a garin Epe na Jihar Legas.

A ɓangaren koyarwa akwai cibiyar yankin Afirka ta ilimin kimiyya da fasahar sararin samaniya da ke harabar Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, wadda aka buɗe a 1998 da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya. Harba rokar ruwa na cikin abubuwan da take nuna wa ɗaliban firamare da sakandare a shirye-shiryenta na wayar da kai. Lokacin da aka fi yin irin wannan a duniya shi ne Makon Sararin Samaniya, daga 4 zuwa 10 ga Oktoba, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a 1999 domin tunawa da harba Sputnik a ranar 4 ga Oktoba, 1957, da kuma fara aikin yarjejeniyar sararin samaniya a ranar 10 ga Oktoba, 1967.

Inda ta dace da makarantun kudancin Kano

Jihar Kano ba baƙuwa ba ce a fagen koyar da kimiyya. Makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, da aka buɗe a 1977, sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa. A ƙaramar hukumar Bebeji akwai kwalejin koyon sana'o'in fasaha ta Bagauda, akwai kuma madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, a zamanin gwamna Audu Baƙo, wadda ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Yaron da ya taso a nan yana ganin aikin matsin ruwa kullum.

Duk da haka, a watan Yunin 2024 gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar, saboda ƙarancin ajujuwa da kujeru da malamai da kayan aiki a makarantun gwamnati. A makarantar da ɗalibai ke zaune a ƙasa, ba a maganar kayan gwajin fiziks. Amma dokokin Newton, da tafiyar abin da aka jefa, da dokar Boyle kan matsin iska, duk suna cikin manhajar babbar sakandare, kuma jarrabawar WAEC da ta NECO suna da takardar gwaji a aikace. Ɗalibin da haddar doka kawai ya yi a allo yakan tarar da kayan gwaji karo na farko ranar jarrabawa. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Rokar ruwa ba za ta maye gurbin ɗakin gwaje-gwaje ba, amma tana ba ɗalibi abin da allo ba ya bayarwa: ya yi hasashe, ya auna, ya rubuta, ya ga inda hasashensa ya kuskure. Ba ta buƙatar wutar lantarki. Ba ta kuma cin ruwa, domin jarka ɗaya mai lita 20 ta isa harbi 60 da gora mai lita ɗaya, kuma ba sai ruwan sha ba.

Yadda ake haɗa ta

Zaɓen gora shi ne mataki mafi muhimmanci. Dole ta kasance ta lemo mai gas, sabuwa, wadda ba ta lotse ba, ba ta karce ba. Ƙananan goruna masu santilita 50 ko 60, waɗanda suka fi yawa a kasuwa, suna tashi, amma mai lita ɗaya ko fiye ta fi daɗin aiki. Ana neman biyu: ɗaya a bar ta lafiya lau, kada wuƙa ko allura ta taɓa ta, ɗayar a yanke samanta a yi kai da shi.

A cikin kan ana cusa ɗan nauyi mai laushi, kamar tsumma ko soso da aka jiƙa, ko 'yar ƙwallon roba. Ana yanka fikafikai daga kwali mai ƙarfi ko robar tsohuwar jarkar da ba a taɓa zuba mata mai ko maganin feshi ba, su zama girma ɗaya, a manna su da salatif a tazara daidai kusa da bakin gorar. Ba a amfani da gam mai zafi ko mai cin roba a jikin gorar, domin yana raunana ta.

Dalilin nauyin kai da fikafikan baya ɗaya ne da dalilin da ya sa kibiya ke da ƙarfe a gaba: idan nauyi yana gaba, iska kuma tana kama baya, abu yakan tafi sambal. Akwai gwaji mai sauƙi. A nemo inda rokar ke daidaita a kan yatsa, ba ruwa a cikinta, a ɗaura igiya a wurin, a riƙa juya ta a kewayen kai. Idan ta tafi da kanta a gaba, ta daidaita. Idan tana ƙundumbala, a ƙara nauyi a kai ko a ƙara girman fikafikan.

Abin harbawa mafi sauƙi shi ne toshiyar roba da ta matse bakin gorar, wadda aka huda aka zura mata bawul ɗin taya, aka haɗa da dogon tiyo zuwa famfo. Illarsa ita ce toshiyar tana ficewa ne da kanta idan matsi ya yi yawa, babu wanda ya san lokacin. Wanda ya fi shi shi ne mai maƙalli da ke riƙe wuyan gorar, wanda ake saki ta hanyar jan igiya daga nesa. Ko wanne aka yi, sai an kafe shi a kan katako mai nauyi ko an buga masa turaku, kada ya faɗi ya juya kan rokar wajen mutane.

Abin da za a auna a fili

Ana iya sanin tsayin da roka ta kai da agogon wayar hannu. A auna daƙiƙoƙin da ta yi daga tashi zuwa faɗuwa, a ninka adadin da kansa, sannan a ninka da 1.2. Rokar da ta yi daƙiƙa 5 a sama ta kai kimanin mita 30, wadda ta yi 6 ta kai kimanin mita 43. Amsar ƙiyasi ce, kuma tambayar me ya sa ba ta zama daidai ba ita kanta darasi ce a kan turjiyar iska.

Hanya ta biyu ta lissafin kusurwa ce. Ɗalibi ya tsaya a nisan mita 50 daga wurin harbi da ma'aunin kusurwa irin na akwatin kayan lissafi, wanda aka rataya wa zare da ɗan dutse, ya saita ƙololuwar da rokar ta kai. Idan kusurwar ta nuna digiri 45, tsayin ya yi daidai da nisan da ya tsaya, wato mita 50, a ƙara da tsayin idonsa daga ƙasa.

Daga nan sai gwajin kwatance. A bar matsin iska yadda yake, a riƙa canza yawan ruwa, daga babu zuwa rubu'i, zuwa sulusi, zuwa rabi, ana harba kowanne sau uku ana ɗaukar matsakaici. Wata rana a bar ruwan yadda yake, a canza matsi. Wata ranar kuma a karkata abin harbin a nemi kusurwar da ta fi kai roka nesa. Littafi ya ce digiri 45, fili zai nuna ɗan ƙasa da haka. Ɗalibin da ya fahimci cewa abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a kuma maimaita awo kafin a yanke hukunci, ya samu tushen binciken kimiyya.

Haɗarin da ke ciki

Haɗari na farko shi ne fashewar gora. Sabuwar gorar lemo tana jure matsin da ya haura psi 100 kafin ta fashe, amma wannan ba abin dogaro ba ne ga gorar da ta sha yawo. A kasuwannin wannan yanki gora ɗaya takan riƙe zoɓo yau, kunun aya gobe, man gyaɗa jibi. Wadda aka zuba wa abu mai zafi ko aka wanke da tafasasshen ruwa ta riga ta yi rauni, domin wannan roba tana fara laushi ne a wajen digiri 70 na ma'aunin zafi. Wadda ta daɗe a rana ma haka take. Gorar ruwan sha ba ta dace ba ko da sabuwa ce, saboda siririya ce, ba a yi ta don matsi ba. Kwalba kuwa ba a ma kusantar ta, domin fashewarta tamkar watsa wuƙaƙe ce. Ga yara, kada a wuce psi 40 zuwa 60, kuma famfon ya kasance mai geji.

Kafin ranar harbi, babba ya gwada kowace gora. Ya cika ta maƙil da ruwa, ya rufe ta da bokiti ko buhu, ya matsa mata daga nesa har ɗan sama da matsin da za a yi amfani da shi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka ko ta fashe ba za ta yi ɓarna ba.

Haɗari na biyu shi ne bugun roka. Mafi munin rauni yakan samu wanda ya sunkuya a kanta yana duba dalilin da ya sa ba ta tashi ba. Idan ta ƙi tashi, ba a matsawa kusa sai an saki iskar ta wajen famfo. Faɗowarta ma abin kula ce: abin da ya faɗo daga tsayin mita 20 yana iya isowa ƙasa da gudun da ya kusa kilomita 70 a awa, idan iska ba ta rage masa ba. Shi ya sa ba a sa ƙusa ko dutse ko ƙarfe a kanta, ba a kuma barin yara su yi rige-rigen cafe ta. 'Yan kallo su tsaya bayan mai famfo, aƙalla mita 10 daga wurin harbi, mai famfo da mai jan igiya su sa tabarau irin na masu aikin ƙarfe.

Haɗari na uku daga gajen haƙuri yake zuwa. Injin bugun iska na mai faci yana cika gora cikin ƙiftawar ido, ya wuce abin da za ta iya ɗauka, saboda haka famfon hannu kaɗai ake amfani da shi. Gorar da 'yan bumburutu suka auna fetur da ita tana riƙe tururin mai, haɗa shi da matsattsiyar iska ganganci ne. Robar maganin feshi tana watsa guba a fuska da tufafi. Haka kuma zuba sinadarin kabayid, wanda wasu ke nunar da ayaba da mangwaro da shi, a cikin gora mai ruwa yana haifar da iskar gas mai kama wuta, matsinta yana hauhawa ba tare da an iya tsayar da shi ba. Wannan ba rokar ruwa ba ce, abin fashewa ne.

Wuri da lokaci

Filin da ya dace shi ne wanda babu gida, babu titi, babu wayar lantarki, babu dabbobi a cikin mita 50 ta kowane ɓangare. Filin ƙwallon makaranta yakan wadatar idan harbin na sama ne kai tsaye. Makarantun da ke bakin babbar hanya, kamar wadda ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta bi ta Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Doguwa, su kula ƙwarai, domin roka ɗaya da ta faɗa gaban ɗan acaɓa ta isa ta jawo asarar rai.

Da damina shuka tana rufe fili, rokar da ta faɗa cikin masara ta ɓace, neman ta kuma tattake gonar mutane ne. Ba a harbi idan hadari ya haɗu. Bayan kaka gonaki sun buɗe, sai dai iskar hunturu tana kwasar roka mara nauyi ta kai ta inda ba a nufa ba, don haka a zaɓi lokacin da iska ta kwanta. Da bazara, sa'ad da zafi ke kaiwa digiri 40, a yi da sanyin safiya, a ajiye gorunan a inuwa.

Akwai kuma batun kwanciyar hankalin jama'a. Ƙarar gorar da ta fashe tana kama da ta bindiga, kuma yankin dajin Falgore ya sha fitowa a rahotannin satar shanu da garkuwa da mutane a shekarun baya. Ya dace shugaban makaranta ya sanar da mai unguwa ko dagaci, da ofishin 'yan sanda mafi kusa, da iyayen yara, kafin ranar. Kalmar roka kaɗai tana iya tayar da jita-jita idan ba a nuna wa mutane cewa gora ce da ruwa ba.

Abin da ya rage a hannun manya

Iyayen da suka saya wa yaro rokar ruwa ta shago su karanta shekarun da aka rubuta a jikin kwalin, su kuma ɗauke ta a matsayin abin da ba a bar wa ƙananan yara su kaɗai. Waɗanda suka ga yaro yana huda murfin gora yana neman bawul, ƙwace kayan ba shi ne magani ba, domin gobe zai samo wasu ya tafi inda ba a ganin sa. Yaran da ke ƙera motar kara da ta langa-langa sun riga sun nuna suna da hannu, abin da suke nema shi ne mai nuna musu iyaka.

Ga malamin fiziks ko na kimiyyar farko a Kiru ko Bebeji, jerin abin da zai tanada gajere ne: goruna sababbi, famfo mai geji, dogon tiyo, igiya, tabarau biyu, littafin rubuta awo, da izinin shugaban makaranta. Idan ɗalibai, maza da mata, suka fara haɗa nasu a makonnin farko na zangon karatu na ɗaya, za su iya harbawa tsakanin 4 da 10 ga Oktoba, a makon da takwarorinsu a wasu ƙasashe ke yin irin wannan gwaji.